Wace kalma za mu sa wa Transmission a darasin Blender?

Mai Darasi: Jama'a a taimaka. Jibi zan ɗora darasin Blender, manhajar zanen 3D, da Hausa, ga shi na maƙale a kan Transmission, ma'aunin nan na Principled BSDF (wurin saita kamannin jikin abu) da ake ɗagawa don haske ya wuce ta cikin gilashi mai launi. Ƙamus "watsawa" ya ba ni.

Ɗan Zariya: Watsawa ta gidan rediyo ce. Sa "ratsawa". Haske ya ratsa gilashi, shi ke nan.

Baffa: Ni tun tuni "rinin haske" nake cewa. Ya shiga fari, ya fito ja, kamar yadi a marinar Ƙofar Mata.

Malamar Kimiyya: Allah ya ƙara girma, Baffa, amma rini ƙara launi yake yi, gilashi kuwa ragewa yake. Jan gilashi shanye kore da shuɗi yake yi, ja ya tsira. Kauri ma na da tasiri: in santimita 1 ta bar rabin koren ya wuce, santimita 2 kwata kaɗai za ta bari. Dokar Beer da Lambert ke nan, ita Cycles, injin fitar da hoto na Blender, ke lissafawa a Volume Absorption, wato saitin shanye haske a cikin abu. Duba gilashin taga ta gefensa, kore za ka gani. Ɗalibin da aka koya wa "rini" zai yi ta neman inda ake zuba kala.

Baffa: "Kala" kuma, 'yata? Ina launi ya tafi? Shi kansa "gilashi" aro ne, muna da ƙarau.

Ɗan Zariya: Ƙarau a hannun amarya muka san shi, Baffa. Wa zai rubuta "ƙarau" a YouTube yana neman darasi?

Ɗan Maraɗi: Ku dai kullum Hausar Kano da Zariya ce Hausa. Mu nan da Faransanci muka fara koyon abin, ba wanda ya tambaye mu.

Baffa: To kawo taku mana!

Ɗan Maraɗi: "Tacewa". Ai abin da Malama ta bayyana ke nan.

Malamar Kimiyya: Abu biyu ne fa. Wucewar hasken daban, shanye launin daban.

Mai Darasi: Na gode. "Ratsawar haske" zan sa wa Transmission, "shanye haske" kuma ga Absorption. Tacewa sai wajen bayani.

Baffa: Sa abin da ka ga dama, yaro. Ni a ajina rini ne.