Kifayena na ado sun ƙi fitowa fili: in cire musu maɓoya?

Sabon Shiga:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a kiwon kifin ado. Yau makonni uku ke nan da na haɗa akwatin gilashi mai cin lita 100, na shimfiɗa farar tsakuwa a ƙasansa, na ajiye dutse ɗaya a kusurwa, sannan na zuba ƙananan kifaye nau'i uku: neon tetra 4, corydoras 2 da kuhli loach 1. Tun daga ranar, tetra ɗin suna cunkushe a bayan na'urar tace ruwa, launinsu ya koɗe, ba sa leƙowa sai na fita daga ɗakin. Shi kuwa kuhli sau biyu kacal na taɓa sa shi a ido. Na yi niyyar cire dutsen da duk abin da suke laɓewa a bayansa, domin a ganina idan suka rasa wurin ɓuya dole su saba da fili. Ko akwai wanda ya taɓa gwada hakan?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ka bar dutsen nan a inda yake, ka ma ƙaro masa wasu. Na taɓa yin abin da kake shirin yi, sakamakon kuwa shi ne kifayen suka koma kusurwa ɗaya suka daskare, suka kuma rage cin abinci. Abin da muke kira kunya a wurin kifi tsoro ne tsantsa, kuma ƙaramin kifi ba ya yarda ya yi nisa da mafaka sai ya tabbata cewa idan wani abu ya taso zai isa wata mafakar cikin ƙiftawar ido. Idan maɓoya ɗaya ce a duk akwatin, a nan zai tare. Idan sun kai biyar ko shida a warwatse, sai ka ga yana kai da komo a tsakaninsu, a nan ne kai kuma za ka riƙa ganinsa.

Asalin neon tetra ƙoramu ne na yankin Amazon a Kudancin Amurka, inda itatuwa suka rufe sama, ruwan ya yi duhu kamar shayi saboda ruɓaɓɓen ganye, ƙasan kuma cike da rassa. Kifin da halittarsa ta dace da irin wannan wuri, ka ɗora shi a kan farar tsakuwa, fitila tana haska shi daga sama, tsakuwar tana mayar da hasken daga ƙasa, to ji yake kamar an baje shi a faifai ga duk tsuntsun da ya zo wucewa. Koɗewar launin da ka gani tana da nasaba da wannan, domin kifaye da yawa suna rage kaifin launinsu idan ƙasan da ke ƙarƙashinsu fari ne ko kuma suna cikin firgici. Ka manna baƙar takarda a bayan gilashin daga waje, ka sa tsirran da ba sa buƙatar haske mai yawa irin su Anubias da Java fern, sannan ka bar kainuwa kaɗan tana yawo a saman ruwan don ta yi musu inuwa, amma ka riƙa rage ta kada ta rufe saman gaba ɗaya. Fasasshiyar tukunyar ƙasa da ba a shafa mata fenti ba, ko ƙoƙon kwakwa da aka tafasa, duk suna zama kogo mai kyau, muddin ka goge kaifin bakinsu.

Sai batun yawa, wanda a ganina shi ne babban kuskuren. Dukkan nau'o'in nan uku a garke suke rayuwa. Tetra 4 ba garke ba ne. Abin da masu kiwo suka saba bi shi ne kada su gaza 6, ni kuwa na fi son 10 zuwa sama. Corydoras da kuhli ma haka, kowanne ya samu 'yan uwansa 5 ko 6, kuma yashi mai laushi ya fi musu tsakuwa domin tono suke yi da 'yan gashin bakinsu.

Mai Gwajin Ruwa:

Na yarda da bayanin Tsohon Hannu, sai dai ina roƙon mai tambaya kada ya ƙara ko kifi ɗaya tukuna. Akwatin makonni uku kawai ya yi, alhali ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a cikin na'urar tace ruwa, waɗanda ke mayar da amoniya (gubar da ke fitowa daga kashin kifi) zuwa naitirait (shi ma guba ne) sannan zuwa naitiret mai ƙarancin illa, sukan ɗauki makonni 4 zuwa 6 kafin su kafu. Kafin lokacin, kashin kifi da ragowar abinci suna iya zama guba a ruwan, kuma kifin da amoniya ke ƙona masa wurin numfashi ɓuya yake yi, tamkar mai jin tsoro. Ka nemi kayan gwajin ruwa: amoniya da naitirait dole su kasance sifiri. Ka kuma lura ko suna haki a saman ruwa, ko sun manne fikafikansu a jiki, ko akwai fararen ɗige-ɗige kamar gishiri a fatarsu. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana, magana ta tashi daga tsoro ta koma rashin lafiya.

Mai Kallon Dare:

Game da kuhli, ɗan'uwa, ka rage buri. Kifin dare ne daga Kudu maso Gabashin Asiya, ko ya samu abokai mafi yawan zirga-zirgarsa bayan an kashe fitila ce. Ni nakan jefa musu abinci mai nutsewa da zarar na kashe fitilar akwatin, in zauna shiru da ɗan hasken ɗaki, a lokacin nake ganinsu.

Ka kuma duba naka halin a gaban akwatin. Kifayen nan ba su da fatar ido da za su runtse, don haka kunna fitila mai ƙarfi kwatsam a ɗaki mai duhu yana razana su. Ka fara kunna ta ɗakin, bayan kamar minti 20 ka kunna tasu, ka tsayar da ita a awa 8 a kullum. Suna da wani layi a gefen jiki da ke jin motsin ruwa, sauti kuma ya fi gudu a ruwa fiye da a iska da ninki huɗu da ɗoriya, saboda haka ƙwanƙwasa gilashi da buga ƙofa ba ƙananan abubuwa ba ne a wurinsu. Haka nan ka rage sa raga a ciki: tun a 1938 wani masanin dabbobi mai suna Karl von Frisch ya gano cewa idan fatar wasu kifaye ta ji rauni tana sakin wani sinadari da ke firgita sauran, tetra kuma suna cikin dangin da ke da shi. Ka ba su abinci a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya, ka zauna ba ka motsi, a hankali za su danganta zuwanka da ci.

Sabon Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin: amoniya sifiri ce, amma naitirait ya kai 0.5. Na fasa cire dutsen, na ma ƙara tukunya biyu. Wani ya ce in saka wasu ƙananan kifaye da ake kira zebra danio, wai ganin suna yawo a fili zai kwantar wa sauran hankali. Shin in saka su yanzu?

Mai Gwajin Ruwa:

Dabarar gaskiya ce, domin kifi mai tsoro yana auna haɗari da halin waɗanda ke samansa, amma ba yanzu ba, Malam. Ka riƙa canza kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwan kullum da ruwan da aka cire wa sinadarin kulorin, mai ɗumi daidai da na ciki, ka rage abinci, kada kuma ka wanke soson na'urar da ruwan famfo. Idan naitirait ya tsaya a sifiri na tsawon mako guda, sai ka fara da cika garken tetra, uku-uku a kowane mako. Danio suna da rawar kai sosai, kuma mai yiwuwa idan tetra sun kai 10 ba za ka buƙace su ba.