Wane suna za mu ba clinical trial da Hausa?

1/ Ma'aikatan lafiya na Gusau da Birnin Kebbi, ku zo mu yanke magana ɗaya. Masu fassara sun saba rubuta "gwajin asibiti" a madadin clinical trial, wato jarraba magani ko tiyata a kan mutane don a ga ko suna aiki, ni kuwa ina ganin kalmar tana cutar da marar lafiya.

2/ A bakin mutanenmu, gwaji shi ne a ɗebi jini ko fitsari a kai ɗakin awo. Ka ce wa dattijo, "Baba, za a sa ku a gwajin asibiti," sai ya miƙo hannu, yana zaton ɗibar jini ce. Alhali abin da za a yi masa, likitocin ma ba su gama sanin amfaninsa da illarsa ba.

3/ Ku dubi cutar Parkinson, mai sa karkarwar hannu da sandarewar jiki saboda mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin. A 2001 an fitar da sakamakon wani bincike a Amurka kan mutum 40. Rabinsu an dasa musu ƙwayoyin ƙwaƙwalwar 'yan tayi. Sauran an huda musu ƙoƙon kai kawai, ba a sa komai ba, kuma ba wanda ya san ɓangaren da ya faɗa. An yi haka ne don a raba amfanin dashen da sauƙin da sa rai kaɗai ke kawowa. Daga baya wasu cikin waɗanda aka yi wa dashen suka kamu da fizge-fizgen jiki da ba sa iya tsayarwa. Don Allah, wannan ne za mu kira da sunan awon jini?

4/ Ba adawa nake da irin wannan aiki ba. Sa siririyar wayar lantarki cikin ƙwaƙwalwa don rage karkarwa ma da gwaji ya faro a Faransa a 1987, yau ya zama magani. A 2018 Jami'ar Kyoto ta Japan ta fara nata gwajin dashen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

5/ Amma mu muna da tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, an gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kusan 200, iyaye suka ce ba a fayyace musu ba. Rashin yardar ya bi mu har 2003, da Zamfara ta shiga jihohin da suka dakatar da rigakafin shan inna.

6/ Wata malamar jinya ta ce a bar shi "bincike". Hajiya, bincike ai har ɗan sanda yana yi, kuma bai nuna jikin mutum ne a ciki ba. Na tsaya kan "gwajin sabon magani a jikin mutane", in aikin wuƙa ne kuma "tiyatar gwaji". Ta ɓangaren da ba a sa wa komai ba, "tiyatar kwatanci". Na ƙi "ta bogi", tunda da yardar mutum ake yi.

7/ Saura sunan wanda ya shiga. "Ɗan sa kai" ba zai yiwu a Zamfara ba, kowa ya san su wa ake nufi. Ina da "mai shiga da yardarsa", sai dai ya yi tsawo a takardar sa hannu. Wa ke da gajere?