Sayo kayan gyaran ƙafar mota da kanka

Masu motoci da makanikai sun tafka muhawara kan ko ya dace mai mota ya sayo kayan gyara da kansa ya kai wa makanike, amma bakinsu ya zo ɗaya kan cewa ka tambayi makaniken tukuna. Wani makaniken ba ya karɓar kayan da ka sayo da kanka, wani kuwa sai ya ƙara kuɗin aiki, tunda a kayan yake samun riba. Abin da ya fi ciwo, in shokozoban da ka sayo ya mutu bayan wata biyu, ba ruwansa: kuɗin kwancewa da sake ɗaurawa a wuyanka yake.

In za ka saya, tafi da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, kada a ba ka wanda bai dace ba. Shokozoba biyu ake canzawa tare, hagu da dama. Bayan aikin a yi alaimin, wato daidaita saitin tayoyi, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefe ɗaya.