Wace ƙaramar kyamara ce za ta yi mini a tafiyar jirgin ruwa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Garwa nake. Yayana da ke Faransa ya sama mana gurbi a jirgin ruwan yawon buɗe ido, daga Marsel zuwa Basalona da gaɓar Italiya, kuma ina neman kyamarar da za ta shiga aljihu. Kuɗina ba su wuce sefa dubu 300 ba.

Waya ta gaza, da na jawo abu daga nesa sai hoton ya farfashe. Na ari wata mai zum 40x na gwada a tafkin Lagdo cikin kwalekwale mai inji. Da rana tsaka ba laifi, amma ina ƙure zum ɗin sai dorinar da nake ɗauka ta fito dishi-dishi saboda girgizar inji, ko da na kunna abin hana rawar hoto. Bayan magariba kuwa hoton duk tsaki-tsaki ne. Na ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, abin ya ƙara lalacewa.

Yanzu na rasa ta yi. Panasonic TZ95 tana da zum 30x, amma firikwensinta, wato sashen da ke karɓar haske ya mai da shi hoto, ƙarami ne irin na wadda na ara. Sony RX100 VII firikwensinta inci 1 ne, sai dai zum ɗinta ya tsaya a milimita 200, wato kusan 8x, kuma ko ta hannu da wuya kuɗina su kai. Ita kuwa Tough TG-7 ba ta tsoron ruwa har zurfin mita 15, amma 4x kacal.

Yawancin hotunana daga saman jirgi za su kasance, da kuma cikin ɗakin cin abinci da dare. Wanda ya taɓa irin wannan tafiya, babban firikwensi zan fifita ko dogon zum? Na gode.