Janaretan ajiya na asibitinmu yana tashi a gwaji, amma ya mutu idan an ɗora masa lodi

Mai_Kula_da_Gyara:

Assalamu alaikum injiniyoyi. Ina neman shawara. Asibiti ne mai tiyata biyu, ɗakin kulawa ta musamman, kwalaben jarirai da ma'ajiyar jini. Akwai janareta biyu na dizal: 500 kVA wanda ke aiki kusan kullum idan babu NEPA, da 250 kVA na ajiya wanda aka haɗa wa layin tiyata da ɗakin jarirai. Duk Litinin ana tayar da ƙaramin na minti 10, yana tashi lafiya lau. Amma idan babban ya tsaya aka juya masa lodi, sai ya yi baƙin hayaƙi, ya yi tari, wani lokacin ya mutu. Ga wani baƙin mai yana tsattsafowa daga mahaɗin salansa. Mene ne matsalar, kuma wane tsarin gwaji da sabis ya kamata a bi?

Injiniya_Sabongari:

Wa'alaikumus salam Malam. Gwajin Litinin ɗin nan shi ne ke kashe muku inji. Tayar da injin dizal babu lodi ba ya nuna komai sai cewa batir da kik suna da rai.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Injin dizal yana bukatar zafi da matsi a cikin silinda kafin ya ƙone mai tas. Idan yana juyawa babu lodi, ko da lodi kaɗan, silinda ba ta yin zafi, ringin fistin ba ya manne wa bango da kyau, sai wani ɓangare na man ya fita bai ƙone ba. Shi ne ke haɗuwa da kunkunniya ya taru a bakin nozul, a bawul, a cikin turbo da bututun hayaƙi. Baƙin man da kake gani a salansa ba baƙin mai na inji ba ne a mafi yawan lokuta, dizal ne da bai ƙone ba ya cakuɗe da toka. Ranar da aka ɗora lodi na gaske, nozul ba ya fesa mai daidai, turbo ya yi nauyi, sai inji ya shaƙe.

Ƙa'idar da aka fi kafa hujja da ita ita ce NFPA 110 ta Amurka. Ta ce a duba inji duk mako, sannan a gwada shi duk wata na aƙalla minti 30 da lodin da bai gaza kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ba. Lissafin naku: 250 kVA sau 0.8 (lambar da aka saba juya kVA ɗin janareta zuwa kW da ita) ya ba da 200 kW, kashi 30 kuwa 60 kW ke nan. A kan 400 volt, cikakken lodin injin ya kai kusan amfiya 360 a kowane fes (wato kowace ɗaya daga cikin manyan wayoyin wuta uku), don haka idan mita ba ta nuna wajen amfiya 110 ba, gwajin bai cika ba. Minti 30 ɗin ma ana fara ƙirga su ne daga lokacin da lodi ya hau.

Idan layin tiyata da na jarirai ba su kai 60 kW ba, sai a yi hayar lod-banki sau ɗaya a shekara. Akwati ne cike da wayoyin hita da babbar fanka, aikinsa shanye wuta kawai. Ƙa'idar ta ce kashi 50 na minti 30, sai kashi 75 na awa 1, wato 100 kW sannan 150 kW a wajenku. Duk wata 36 kuma a yi gwajin awa 4 a jere. Inji kamar naku da ya riga ya cushe, a hau da lodin mataki-mataki, kuma a tsayar da mutum da tukunyar kashe gobara kusa da salansa, domin dattin da ya taru zai fara ƙonewa, har tartsatsi yakan fito. Idan bayan awa 2 hayaƙin bai washe ba, a cire nozul a kai a gwada feshinsu.

Lokacin gwaji a rubuta waɗannan duk minti 10 ko 15: volt na kowane fes, amfiya na kowane fes, mitar juyi (50 Hz, wato juyi 1500 a minti), matsin baƙin mai, da zafin ruwa. Zafin ruwa yakan tsaya tsakanin 80 da 95 a ma'aunin Salshiyos. Lamba ɗaya ba ta da wani amfani sosai, amma idan ka ga zafin ruwa yana ƙaruwa wata bayan wata a kan lodi iri ɗaya, lagireto ya fara toshewa.

Baban_Khadija:

Injiniya ya yi bayanin inji, amma ina da gyara ɗaya. Lod-banki yana gwada janareta ne kaɗai, ba ya gwada canjoba, wato na'urar da ke juya lodi daga wata hanyar wuta zuwa wata. Kuma a asibiti canjoba mai aiki da kanta ta fi inji yawan ba da kunya. Gwaji na gaske shi ne a buɗe birekar da ke kawo wa canjobar wuta, wato a yanke wutar, a sa agogo a hannu, a ga daƙiƙa nawa kafin wuta ta dawo a tiyata. A Amurka iyakar da aka sa wa layin da rai ya rataya a kansa daƙiƙa 10 ce. Idan naku yana ɗaukar 30 ko 40, a duba saitin lokuta a kan kwamfutar injin, ko Deep Sea ce ko ComAp.

Saitin da aka saba: jinkirin daƙiƙa 1 zuwa 3 kafin inji ya tashi, don kada ya riƙa zabura duk lokacin da wuta ta ƙifta. Jinkirin komawa kan NEPA kuma a sa shi mai tsawo, minti 10 zuwa 30, saboda kowa ya san yadda ake kawo wuta a ɗauke cikin minti 2, kuma kowane juyi yana bugun kwamfiresan firjin jini da na'urorin tace iskar oksijin. Bayan an sauke lodi, inji ya ci gaba da juyawa minti 5 don turbo ya huce kafin ya tsaya.

Abubuwan da ke hana tashi, waɗanda ba laifin inji ba ne: an gama sabis an bar maɓalli a kan kashe ko kan aikin hannu maimakon AUTO, an danna jan maɓallin tsayar da gaggawa an manta ba a murɗo shi ba, birekar jikin janareta a buɗe, inji yana ta ruri amma wuta ba ta fita. Waɗannan ukun a sa su a takardar miƙa aiki ta kowane canjin ma'aikata. A kuma buɗe akwatin canjoba duk wata 3, bayan an kashe duka hanyoyin wuta an kulle, a busa ƙura, a ɗaure kusoshi, a toshe ramukan da waya ke shiga. Ƙadangare da ɓera suna son ɗumin wurin, kuma ƙadangare ɗaya tsakanin fes biyu ya isa ya jefa asibiti cikin duhu.

Idan an taɓa manyan wayoyi, dole a gwada jerin fes kafin a mayar da lodi. Idan aka juya biyu, fitilu za su kama lafiya, amma famfon ruwa da duk injin lantarki mai fes uku za su juya baya.

Sai batir, wanda shi ne kan gaba wajen hana janaretan ajiya tashi. Inji irin wannan yawanci 24 volt ne, batir biyu na 12 a jere. Kowanne ya nuna wajen 12.6 idan ya huta, cajar bango kuma ta riƙe su a wajen 27. Amma ma'aunin da ke faɗin gaskiya shi ne na lokacin da kik ke juya inji: idan batir ɗaya ya faɗi ƙasa da 9.6, ya gama. Zafin ƙasarmu yana cin batir da wuri, don haka a canza su duk shekara 2 ko da suna tayar da inji, kuma a canza biyun tare. A tabbatar cajar tana kan layin da ke samun wuta daga babban janareta, ba layin NEPA kaɗai ba, in ba haka ba kwana 3 babu wuta sun isa su sauke batir.

Hajiya_Metiron:

Allah ya saka da alheri, amma don Allah injiniyoyi kada a yanke wuta a ce gwaji ne ba tare da an zauna da masu jinya ba. A tsayar da rana da lokaci a rubuce, a zaɓi sa'ar da babu aikin tiyata kuma babu mai wankin ƙoda a kan na'ura. Kafin a buɗe bireka, mutum ɗaya ya tsaya a ɗakin kulawa ta musamman, ɗaya a ɗakin jarirai, kowa da waya a hannu da tocila. A tabbatar tukwanen oksijin cike suke da ma'auninsu a ɗaure, domin na'urar tace oksijin ta bango tana tsayawa nan take, kuma bayan wuta ta dawo tana ɗaukar 'yan mintuna kafin iskar ta koma ƙarfinta. Jakar hura numfashi ta hannu ta kasance a gefen kowane gado mai na'urar numfashi.

Daƙiƙa 10 ɗin da ake magana UPS, wato na'urar batir da ke riƙe wuta nan take idan an ɗauke, shi ne ke cike su, to shi ma a gwada batirinsa da lodi. Ana yawan samun UPS da fitilarsa kore ce amma ba ya riƙe minti 1. Bayan gwaji a zaga a duba firjin jini, wanda ake so tsakanin 2 da 6, da na rigakafi tsakanin 2 da 8, saboda wasu ba sa tashi da kansu sai an danna. Sannan a duba inda bakin salansa yake kallo. Idan iska tana kora hayaƙi zuwa tagar ɗakin marasa lafiya, a ƙara tsawon bututun ya wuce rufi.

Mai_Kula_da_Gyara:

Na gode ƙwarai Injiniya, Baban Khadija da Hajiya. To batun mai fa? Tankin ƙaramin injin yakan daɗe ba a taɓa shi ba. Kuma babban, sabis ɗinsa da wata za a ƙirga ko da awa?

Injiniya_Sabongari:

Da awa, Malam. Nan ne ƙa'idar Amurka ba ta dace da mu kai tsaye ba, domin an rubuta ta ne don injin da zai yi wata bai ga ɗaukewar wuta ba. Babban naku ba na ajiya ba ne, shi ne wutar asibitin. Idan yana aiki awa 12 a rana, zai cika awa 250 cikin kwana 21. Littafin Perkins ko Cummins na iya ba ka awa 250 ko 500 gwargwadon samfuri, amma da ƙurarmu da irin dizal ɗin da ake samu, ni 250 nake ba da shawara: baƙin mai 15W-40, filtar baƙin mai, filtar dizal. Ƙaramin kuma, ko bai cika awannin ba, a canza masa duk wata 6, saboda gwajin da aka daɗe ana yi babu lodi ya riga ya tsinka baƙin man da dizal. Zaro sandar awo ka sansana. Idan mai ya ƙaru maimakon ya ragu, kuma yana warin dizal, a zubar yau.

Da hunturu filtar iska ce abin lura. Akwai ɗan ma'auni a jikin gidanta da ke komawa ja idan ta toshe, a duba shi kullum. Kada a bubbuga filta a ƙasa ko a busa ta da iska mai ƙarfi, takardar tana yagewa ba a gani, ƙura ta wuce ta cinye ringi. Lagireto kuma a busa shi daga ɓangaren da iska ke fita zuwa ciki, kafin bazara ta shigo. Ruwan rijiyar burtsatse bai dace da shi ba, yana barin farin dutse a cikin bututu. A yi amfani da ruwan sanyaya inji na gaske, rabi da rabi da tataccen ruwa idan ba haɗaɗɗe ba ne. A danna fambel da yatsa, a duba tsagewa. Idan ɗakin janareta ba shi da mafitar iska daidai faɗin lagireto, iskar zafi tana dawowa ciki, sai inji ya kashe kansa da rana tsaka a watan Afrilu alhali babu abin da ya lalace.

Dizal ɗin da ya zauna wata 6 zuwa 12 ya fara lalacewa. Tankin da ke rabi yana yin gumi a ciki da dare, ruwan ya sauka ƙasa, kuma a tsakanin ruwa da mai ƙwayoyin cuta ke tsirowa su zama baƙin yauƙi. Babu lodi, inji yana shan mai kaɗan, filtar da ta toshe rabi tana isarsa. Da lodi ya hau, 250 kVA yana neman wajen lita 50 a awa, filta ta kasa, inji ya mutu. Don haka kafin ma ku kira mai lod-banki, ku canza filtar dizal, ku tsiyaye kofin raba ruwa, ku shafa man gano ruwa a bakin sandar awo ku tsoma har gindin tanki. Idan launinsa ya canza, a zuƙe ƙasan tankin. A riƙa juya man: babban inji ya sha tsohon, a zuba wa ƙaramin sabo, tanki kuma ya zauna a cike. Duk tankar da ta kawo mai, a ɗebi kwalba a ajiye ta kwanta kafin a sauke, domin ana cakuɗa dizal da kananzir ko ruwa, kuma famfon mai da nozul ne ke biyan kuɗin.

Ajiyar kwana 3 ita ce mafi ƙanƙanta da zan yarda da ita. A kashi 75 na lodi ƙaramin yana shan wajen lita 40 a awa, awa 72 ke nan kusan lita 2,900.

Baban_Khadija:

Ƙari kan tanki: a duba tsayin inda famfon tura mai da akwatin canjoba suke. A guguwar Sandy ta Oktoba 2012, asibitin Bellevue na birnin New York yana da janareta a saman bene, amma famfunan mai suna ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya cinye su, sai da aka riƙa hawa da mai a bokiti kafin daga baya a kwashe marasa lafiya. Ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta nuna ruwa yana shiga har babban asibiti a nan ma. Inji, famfo da akwatunan wuta su hau dandamalin kankare, ramin wayoyi kuma ya samu magudana.

Bayan damina, ko idan inji ya daɗe a tsaye, a sa mega (na'urar auna ingancin rufin waya) ta 500 volt a auna wayoyin alternato, wato ɓangaren da ke samar da wuta, bayan an cire wayoyin AVR, na'urar daidaita volt, don kada a ƙone ta. Ƙasa da megohm 1, kada a ɗora lodi sai an busar da shi.