Yaya Turawan Ingila suke kare tsofaffin gidajensu?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum jama'a. Jiya ɗana ya nuna mini hoton wani gida da ke yankin Kent a Ingila mai suna Ightham Mote, wanda aka fara ginawa a ƙarni na 14, ruwa ya kewaye shi ta kowane gefe, benensa kuma katako ne, amma yana tsaye har yau. Abin ya tsaya mini a rai, domin soron kakanmu a nan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya fara tsagewa daga zanko har ƙasa, yayana kuma ya dage sai a rushe a sa bulo. Shin ƙarfin kayan gini ne ya riƙe nasu, ko akwai wani abu?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam, Malam. Gidan da ka gani irin gidajen masu ƙasa ne na da, inda mai gari yake zaune yana karɓar haraji daga manoma. Zuciyarsa babban ɗaki ne mai dogon rufi da ake cin abinci da yanke hukunci a ciki, kusan aikin da zaure yake yi a gidan sarauta a wurinmu. Amma abin da ya fi riƙe shi doka ce da kuɗi. Tun 1947 Ingila take rajistar gine-ginen tarihi, a matakai 3, kuma wannan gida yana mataki na farko, inda kusan kashi 2.5 cikin 100 kawai na gine-ginen da ke rajistar suke. Duk ginin da ya shiga, ko kai ka gaje shi daga ubanka, ba ka da ikon rushe shi ko sauya masa kama sai da izinin ƙaramar hukuma, wanda ya yi gaban kansa kuwa kotu za ta iya cin tararsa ko ta ɗaure shi. Abin dariya ma, har ɗakin karen da ke tsakar gidan yana matakin farko. A 1985 wani Ba'amurke da ya sayi gidan, Charles Henry Robinson, ya bar shi wasiyya ga ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi, wadda aka kafa a 1895, ita kuma ta yi shekara 15 tana gyara da kuɗi wajen fam miliyan 10.

Magini daga Zango: Alhaji, don Allah ka roƙi yayanka ya dakata, kuma kada ku yarda a shafe soron da siminti. Na sha ɓamɓare irin wannan shafe, sai ka ƙwanƙwasa ka ji bango yana amsawa kamar ganga, idan ka cire ɓawon kuma ka tarar tubalin ciki ya jiƙe ya zama gari, domin siminti yana hana danshi fita. Maginan Ingila ma farar ƙasa suke amfani da ita a tsohon gini saboda wannan dalili. Tsagewar da ta taso daga zanko yawanci ruwan rufi ne, don haka ku fara duba indararo da azara, sannan a cike tsagar da ƙasa irin ta asali a yi yaɓe da makuba kafin damina.

Hajiya Mai Lissafi: Malamin Tarihi, maganarka gaskiya ce, sai dai fam miliyan 10 ba kuɗin magada ba ne. Su can baƙi suna biyan kuɗin shiga, mambobin ƙungiya suna ba da gudummawa duk shekara. Mu kuwa tun 2006 Birni da fadar Sarkin Damagaram suke jiran shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, Agadez kam ta samu shiga a 2013, kuma da idonmu muka ga tsohon masallacinmu ya faɗi a daminar 2024. Dokar da za ta hana mutum rushe gidansa ba tare da ta taimaka masa da kuɗin yaɓe ba, a ganina, kango za ta ƙara mana.

Ɗan Birni: Na gode ƙwarai. Malam magini, na hau rufin ɗazu da la'asar, kuma indararon gabas a toshe yake da ƙasa da kashin tantabara. Idan kana da sarari ranar Asabar, ina so ka zo ka duba azarar a gaban yayana.