Doguwar kwabar Ingila a wurin 'yan gwanjo: in saya ko in haƙura?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Masana katako, ina neman shawara. Akwai wata doguwar kwaba irin ta ɗakin cin abinci a wurin masu kayan gwanjo, tsawonta ya ɗan haura mita 2, ƙofofi huɗu da durowa huɗu, ƙafafunta dogaye. Mai ita ya ce G Plan ce ta Ingila, tun wajen 1960 da wani abu, wai katakon tik (teak) ne zalla. Samanta akwai baƙin zagaye guda biyu, gefe ɗaya fatar katakon ta ɗago, ƙofa ɗaya tana cijewa, kuma akwai ƙananan huji a bayanta. Ta yaya ake gane ta asali? Kuma za ta jure hunturun Kano?

Mai Zarto:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin maganar asali a fara da hujin nan, don shi ne zai iya shafar sauran kayan gidanki. Ki sa a shimfiɗa baƙar takarda ko baƙar leda a ƙarƙashinta, a bubbuga bayan da hannu, a bar ta mako guda. Idan aka ga gari mai haske kamar fulawa yana zubowa, ƙwaron da ke cin katakon yana nan da ransa. Idan bakin hujin ya yi baƙi kuma babu gari, tsohon ci ne. Shi tik ƙwaro bai cika taɓa shi ba saboda man da ke jikinsa, filawud ɗin baya da ƙananan katakan ciki yake ci. Maganin katako mai permethrin ake ɗurawa da sirinji a kowane huji, a maimaita bayan sati biyu. In bayan ya ruɓe, kafinta ya cire shi ya sa sabon filawud mai kauri ɗaya. Kar a bi shawarar naɗe ta da baƙar leda a ajiye a rana: ƙwaron zai mutu, amma fatar ma za ta ɗaye.

Batun asali kuwa, G Plan sunan kayan kamfanin E. Gomme ne na garin High Wycombe, an fara su a 1953. Buɗe ƙofofin da durowar ki nemi tambarin kamfanin a ciki. Na farko-farko hatimi ne ruwan zinare, daga tsakiyar shekarun 1960 kuma jan tambari. Wadda ta fi yawo ita ce samfurin Fresco na 1966, mai zagayayyun mariƙai na katako. In babu tambari ba lallai jabu ba ce, tana iya zama ta McIntosh ta Kirkcaldy a Sikotilan, ita ma aiki ne mai kyau. Zaro durowa ɗaya ki dubi kusurwarta: in haƙoran katako ne suka sarƙe da juna, madalla. In ƙusa ce ko ƙarfen sitefula, sabon aiki ne aka tsufar.

“Tik zalla” kuwa bakin ciniki ne. Fata ce ta tik, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, aka manna a kan allon garin katako. Ƙafafu da mariƙai da bakin gefe ne kawai gundarin katako, kuma sau da yawa ba tik ba ne, afrormosia ne, wanda Turawa suka riƙa kwasa daga dazukan Gana da maƙwabtanta har ya yi ƙaranci. Wannan ba aibu ba ne, haka masana'anta ta yi ta. Abin da zai sa ki fasa saye shi ne idan allon ciki ya sha ruwa ya kumbura. Shafa hannu a gefen da ya ɗago: in ya yi tudu ko yana marmashewa, ba ya komawa.

Baba Kafinta:
'Yata, abu ɗaya zan ja kunnenki a kai. Kada ki bari kowa ya ɗora injin samfefa a saman kwabar nan. Yaran shago sun saba da madaci da loko, su kankare su watsa banish mai ƙyalli. A nan daƙiƙa kaɗan injin zai huda fatar, garin katako ya leƙo, kuma wannan tabon ba shi da magani. Samfefa mai laushi, lamba 240 zuwa 320, da hannu, ana bin tsawon jijiyar katakon, a hankali musamman a bakin gefe.

Fatar da ta ɗago: a kankare busasshen gam ɗin ciki da siririyar wuƙa, a ɗura farin gam na katako da sirinji, a goge wanda ya bulbulo da tsumma mai ɗan danshi. A shimfiɗa leda, a ɗora shafaffen katako, a matse ko a danne da nauyi, ta kwana. Za ki ji ana cewa a goga da dutsen guga kawai. Wannan yana yi ne a kan kayan zamanin Sarauniya Biktoriya da aka haɗa da gam ɗin fatar dabba, mai narkewa da zafi. Gam ɗin masana'antun 1960 ba ya farfaɗowa haka.

Baƙin zagaye ruwa ne da ƙarfe suka ratsa har cikin katako. Sai an cire fentin saman gaba ɗaya, sannan a narka sinadarin oxalic acid kamar giram 25 a ruwan ɗumi mililita 250, a shafe saman duka, ba wurin tabon kaɗai ba, in ba haka ba sai a bar miki farin zagaye a madadin baƙi. Ya bushe, a ɗauraye sau biyu da tsumma. A sa safar hannu, kuma kar a shaƙi ƙurarsa. Bayan nan man katako na Danish oil shafi biyu ko uku, a goge rarar bayan minti goma, a bar kwana ɗaya tsakanin shafi da shafi.

Hadizan Ado:
Baba, a gafarce ni, zan ƙara kaɗan a kan man. Mutane da yawa suna zuba shi a kan kwabar da ba a cire wa fenti ba. Kayan Ingila na wancan lokacin yawanci fesa musu laka (lacquer, wani irin banish) aka yi a masana'anta, ba kamar wasu na Denmak da ake shafa wa mai ba. Mai a kan laka ba ya shiga, sai ya yi danƙo ya kama ƙurar hunturu. Gwaji: ɗigon tina, ruwan tsinka fenti, a wurin da ido ba ya gani. In fentin ya yi laushi, laka ce. Kuma tsumman man a shanya shi a buɗe ko a jefa a ruwa, don in aka dunƙule shi yana iya kamawa da wuta da kansa.

Ƙofar da ke cijewa, kar a yi gaggawar fere ta. Fara duba ko ƙafafu huɗun suna taka ƙasa daidai, don mai tsawon mita 2 tana murɗewa a daɓen da bai daidaita ba, ɗan kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya kan warware matsalar. Sannan katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Wanda ya fere ƙofa a watan Agusta zai ga giɓi a Janairu. Durowa kuwa kyandir ake goga wa hanyarta.

Wurin ajiye ta: nesa da taga da bakin iskar esi, tazarar santimita 5 zuwa 10 daga bango saboda gara, sannan aƙalla santimita 90 tsakaninta da teburi don a iya jan kujera ƙofa na buɗe. Tangaran masu nauyi su zauna ta kan ƙafafu, tsakiya ta ɗauki kofuna da cokula. Kula mai zafi ko jug mai gumi ba sa hawa sai da faifai a ƙasa.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To wajen ɗaukowa fa? A Keke Napep mai ita yake son ɗorawa.

Mai Zarto:
A'a Hajiya, a samo a-kori-kura. A zare durowa da allunan ciki, a ɗaure ƙofofin da igiyar tsumma ba salatif ba, don salatif yana tafiya da fenti. Mutum biyu su ɗaga ta daga gindi, kar a kama saman kuma kar a ja ta a ƙasa, ƙafafun nan daga wurin sukuru suke karyewa. In suna kwancewa, a kwance su a zuba sukurorin a leda, a kwantar da ita a kan tsohuwar katifa.